Ciwon Da Bijimi Ke Rabawa Cikin Garke

Ya ku manoma da dagatai, in saniya ta daɗe ba ta haihu ba, akan ce juya ce, a kai ta kasuwa. Sau da yawa ba laifinta ba ne, na bijimi ne.

Akwai cututtuka iri 2 da shanu ke ɗauka wajen barbara. Ƙwayoyinsu ƙanana ne ƙwarai, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Mazauninsu cikin fatar da ke rufe da gaban bijimi. Abin mamaki, shi ba ya rama, ba ya barin kiwo, amma yawancin shanun da ya hau sukan kamu. Cikin ya shiga, sa'an nan ya lalace tun yana ƙarami, ba wanda ya gani.

To, ga yadda za ku gane. Ku riƙa lissafin kwanaki. Saniyar da ba ta ɗauki ciki ba takan koma neman bijimi bayan kwana 21. In kuka ga da yawa suna komowa bayan wata 2 ko 3, maruƙa kuwa sun yi ƙaranci, ku faɗa wa malamin dabbobi. Za a hana bijimin barbara kamar mako 2, a wanko gabansa, a aika da ruwan wurin bincike, kamar na Vom da aka kafa a 1924. Gwaji ɗaya bai isa a ce ba ya da cuta ba, sai sau 3.

Saniya takan warke don kanta in ta huta kamar wata 4. Tsohon bijimi shi ne wuya, gama ɗaya daga cikin cututtukan nan ba ta barinsa har ya mutu. Komai kyansa, a dandaƙe shi ya ja garma, ko a sayar wa mahauta, a sa ɗan bana bakwai maimakonsa. Aron bijimi zumunci ne, amma ta nan cutar ke tsallaka gari. Dagaci ya kula da wannan.

Kada ku haɗa su da bakkale, mai sa ɓari bayan wata 6 da kumburin gwiwa. Ita daga lasar ɓarin da mabiyiya shanu suka fi ɗauka, mutum ma yakan kamu. A binne ɓarin da zurfi, a tafasa madara kafin a sha.