Ƙwayar Ciwon Baya da Ƙodar Jariri

A Fammar, kamar sauran ƙauyukan Kibiya da Rano, mai ciwon baya kan nufi kemis ya sayi ibuprofen ko diclofenac. Ga mai juna biyu kuwa, lamarin ya sha bamban. Magungunan nan suna hana jiki samar da furostagilandin, sinadarin da ke buɗe hanyoyin jini a ƙodar ɗan tayi. Idan ya yi ƙaranci, fitsarin tayin ya ragu, alhali daga fitsarin ne akasarin ruwan mahaifa yake samuwa. Jariri na iya faɗowa da raunanniyar ƙoda. Dalili ke nan a 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta gargaɗi masu ciki da su guje su tun daga mako na 20, sai da izinin likita.