Makiyayi, ba kai kaɗai ke shan ruwan dutse ba

Ya kai makiyayin ƙasar Abzin, ka fi kowa sanin cewa ruwan sama a Agadas ba ya kai milimita 200 a yawancin shekaru, kuma kusan duka a Yuli da Agusta yake sauka. Korin Telwa ya kawo, kwana kaɗan ya janye. Abin da ke saura shi ne ruwan da ya maƙale cikin kwarin duwatsu, inda rana ba ta duka sosai. Buzaye na ce masa agelmam. Wani wata biyu ya ƙafe, wani kuwa, kamar na Timiya, yana kai shekara.

A 2005 Nijar ta sa waɗannan tabkuna da dausayoyin Abzin cikin yarjejeniyar Ramsar, wadda ƙasashe suka ƙulla don kare wurare masu ruwa. Tun 1988 ma an keɓe gandun dajin Abzin da Tenere. Dalili? Ragon dutse, barewa, jan biri da dila duk suna zagaya nan. Haka tsuntsayen da ke tasowa daga Turai lokacin ɗari, su ƙetare Sahara, su sauka su sha. In ka kafa zango a bakin ruwa, da wuta da karnuka, ka rufe musu ƙofa ke nan, don da dare da asuba suke zuwa. Ka shayar, ka ja baya nesa.

To, ga abin da ya shafi aljihunka. Ruwan da ba ya gudu gidan matsattsaku ne. Ƙarami ne lokacin da raƙumi ko saniya za ta zuƙe shi, ba a ganinsa. Sai ya laƙe a hanci ko maƙogwaro, ya yi ta tsotson jini yana ƙiba. Kwanaki kaɗan ka ga jini na ɗiga daga hanci ko baki, dabba na numfashi da ƙyar, ta bar cin abinci. Kada ka fizge shi da ƙarfi. Ka zuba masa ruwan gishiri ya saki da kansa. In ya yi zurfi, a nemi ma'aikacin elbaj.

Sai ƙananan dodon koɗi na ruwa. Wasu ke ɗauke da tsutsar ciwon hanta ta shanu da tumaki, wasu kuma ta tsargiya, wadda ke sa yara fitsarin jini. Kashin dabba da fitsarin mutum ne ke kai musu ƙwan tsutsar. Ke nan duk garken da ya kutsa cikin ruwa har gwiwa, shi ke shuka cutar da zai sha baɗi.

Maganin ba tsada. Ka ɗebo da guga, ka tace da ƙyalle, ka zuba a kwami nesa da baki. Aiki ne, ba mu musa ba, amma ya fi sayen magani araha. Mushe kuwa a janye shi nesa a binne, balle in ana zaton saifa ce ta kashe.

Game da dila mai ɗaukar 'yan awaki: kada a sa guba a nama kusa da mashaya. Ungulu ce ke fara ci ta mutu, alhali ita ke share mana mushe kyauta. Karen garkenka ma ba ya tambaya kafin ya ci.