Kafin Magidanci Ya Sayi Talabijin Na Bango A Azare

Duk shekara idan kaka ta yi, manoman ƙasar Katagum suka sayar da riɗi da wake da shinkafa, aka kuma shiga hidimar bukukuwan aure, masu kantunan kayan lantarki a Azare sukan ga ciniki irin wanda ba su gani da damina. Daga Gamawa da Yana da Giade da Itas, har ma daga tsohon garin Katagum, mutane kan shigo da 'yan kuɗinsu a ƙulle, kuma abin da da yawa daga cikinsu suke nema shi ne akwatin talabijin irin na zamani, watau shafaffen nan da ake maƙalawa a bango. A gidaje da yawa al'ada ta ɗora wa ango sayen kayan kallo, kamar yadda ta ɗora wa iyayen amarya gado da kujeru. Saboda haka saurayin da bai taɓa sayen abin da ya fi wayar hannu ba, sai ya wayi gari tsaye gaban talabijin iri-iri, kowanne da irin alkawarin da aka buga a jikin kwalinsa.

Kuɗin kuwa ba na wasa ba ne. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga watan Mayu na 2023, aka kuma saki Naira ta nemi darajarta a kasuwa har Dala ɗaya ta haura Naira 1,500 a farkon 2024, kayan lantarki suka yi tashin gwauron zabi, domin ko waɗanda ake harhaɗawa a cikin ƙasar nan, daga waje ake shigo da gilashinsu da kayan cikinsu. A 2024 ɗin nan da aka mayar da mafi ƙarancin albashi Naira 70,000, albashin wata guda bai isa ya sayi sabon talabijin mai inci 32 na sanannen kamfani ba. Abin da mutum ya yi watanni yana zuba adashi dominsa, ai ya cancanci a tsaya a yi masa lissafi kafin a miƙa kuɗi.

Da farko akwai rikicin suna. Jama'a sun saba kiran kowane talabijin na bango da sunan filasma, alhali kuwa manyan kamfanonin da ke ƙera filasma ta ainihi, watau Panasonic da Samsung da LG, duk sun daina ƙera ta tun 2014. Sababbin da ke kantuna, in ban da 'yan ƙalilan masu tsadar gaske, duk masu fitilun LED ne a bayan gilashi. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin wanda ya samu filasma ta ainihi a wurin masu kayan gwanjo da araha, to ya sani ta haura shekara goma a duniya, tana da nauyi, tana ɗaukar zafi, kuma mai inci 42 takan ci wuta wat 200 ko fiye, ninki uku ko kusa da haka na abin da tsararta mai LED ke ci.

Sai kuma lambobin da ke jikin kwali, waɗanda su ne suka fi ruɗin mai saye. Hoton talabijin tarin ɗigo-ɗigo ne ƙanana. Wanda aka rubuta wa HD kawai, galibi yana da ɗigo 1,366 a kwance da 768 a tsaye, watau miliyan ɗaya da 'yan kai. Wanda aka rubuta wa Full HD yana da 1,920 da 1,080, miliyan biyu ke nan da ɗoriya. Shi kuwa 4K yana da 3,840 da 2,160, fiye da miliyan takwas. A takarda, mai miliyan takwas ya fi mai miliyan ɗaya nesa ba kusa ba. Amma fa idon ɗan Adam yana da iyaka. Mai lafiyayyen ido idan ya zauna nesa da talabijin mai inci 32 da tazarar mita biyu, ba zai iya rarrabe HD da Full HD ba. Haka nan a kan mai inci 43, da zarar kujera ta yi nisan mita biyu, Full HD da 4K sun zama ɗaya a wurinsa. A ɗakin amarya ko falon ƙaramin ma'aikaci, tsakanin bango da kujera yakan kai mita biyu da rabi zuwa uku. Ashe ke nan wanda ya ƙara kuɗi ya sayi 4K mai inci 43 domin irin wannan ɗaki, ya biya kuɗin ɗigon da idonsa ba zai taɓa gani ba.

Shi incin ma, daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, kuma gilashin kaɗai ake aunawa ban da bakin roba. Mai inci 32 tsawon wannan layi santimita 81 ne, mai inci 43 kuma santimita 109. Tef na tela ya isa ya warware gardama a cikin kanti, domin ba sabon abu ba ne a ga kwali ya ce 43, awo kuwa ya ce 40.

Har ila yau, talabijin ba ya ƙirƙiro kyan hoto da kansa, abin da aka zuba masa shi yake nunawa. Dattawa suna tuna zamanin da gidan talabijin na Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, yake watsa shirye-shirye da hoto baƙi da fari, da kuma zamanin da aka haɗe tashoshin ƙasar nan ƙarƙashin Hukumar NTA a 1977, lokacin da doguwar eriya a kan gora ita ce komai. Yanzu mafi yawan gidajen Azare daga tauraron ɗan Adam suke kamo tashoshi, ko dai na kyauta da risiba, ko na biya irin su StarTimes da DStv. To, da yawa daga tashoshin kyauta da ƙaramin hoto suke watsawa, mai ɗigo 720 da 576, wanda bai kai rabin miliyan ba. Idan aka baza irin wannan hoto a kan gilashi mai inci 55, sai fuskokin mutane su yi dishi-dishi kamar an shafa musu mai, mai gida ya riƙa zargin talabijin alhali laifin daga tasha yake. Akwai kuma kuskuren da ya zama ruwan dare: a sayi talabijin mai HD da dikoda mai HD, sannan a haɗa su da tsohuwar wayar nan mai kai uku, ja da fari da rawaya. Wannan waya ba ta ɗaukar hoton HD ko kaɗan. Wayar HDMI ce ke ɗauka, kuma kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Don haka ramin HDMI biyu ko uku a bayan talabijin, da ramin filas, sun fi wa mai saye amfani bisa ga wani dogon suna da aka rangaɗa a kwali. Wanda kuma ya ga an rubuta DVB-S2 a bayan akwati, to yana da risiba a cikinsa, ana iya jona masa wayar dish kai tsaye. DVB-T2 kuwa shi ne tsarin da Nijeriya ta zaɓa domin watsa shirye-shirye na dijital ta eriya, aikin da aka ƙaddamar a Jos a watan Afrilu na 2016.

Game da talabijin mai hawa intanet, wanda 'yan kasuwa ke kira simat, abin dubawa shi ne kuɗin data. Masu son bin finafinai masu dogon zango irin su Labarina da Izzar So a YouTube suna da hujjar sha'awarsa. Sai dai kamfanin Netflix da kansa ya bayyana cewa kallon awa guda da hoton HD yana iya cin gigabait 3, da hoton 4K kuwa har gigabait 7. Gidan da ke sayen data kaɗan-kaɗan, ƙarshenta filas zai koma wa, a kai shi wurin masu tura finafinai a cika shi, kuma ko talabijin mara intanet yana karanta filas.

Duk wannan ƙananan batutuwa ne idan aka kwatanta da wutar lantarki, domin ita ce ke raya talabijin a Azare, ita ce kuma ke kashe shi. Jihar Bauchi tana ƙarƙashin kamfanin rarraba wuta na Jos, wanda ya karɓi aiki lokacin da aka sayar da kamfanonin rarraba wuta ga 'yan kasuwa a watan Nuwamba na 2013, ko da yake har gobe jama'a NEPA suke cewa. Ƙa'idar wutar Nijeriya bolt 230 ce. A unguwar da gidaje suka yi wa taransifoma yawa, da magariba wuta takan faɗi ƙasa da haka sosai, sannan a ɗauke, sannan a maido ta da ƙarfi. Wannan dawowar ce ke ƙona allon wutar talabijin, ita da janaretan da ke hawa da sauka, da kuma tsawar damina wadda ke biyo wayar dish. Yana da kyau mai saye ya juya akwatin ya karanta 'yar takardar da ke manne a bayansa. Idan ta ce 100 zuwa 240, talabijin ɗin zai jure wa ƙarancin wuta fiye da wanda ya ce 220 zuwa 240. Kuma tun daga gida ya kamata ya ware wani abu daga cikin kuɗinsa domin sitabilaiza, ko aƙalla 'yar na'urar nan da ake sawa a soket wadda ke tsare wuta na ɗan lokaci kafin ta sake ta. Mutumin da ya sayi mai inci 32 da sitabilaiza ya fi wanda ya ƙarar da kuɗinsa kaf a kan mai inci 43 ya jona shi tsirara a bango dabara.

A jikin wannan takarda kuma ake rubuta yawan wat, lambar da kusan babu mai dubawa, alhali ita ce ta fi shafar masu sola. Bayan abin da ya faru a watan Oktoba na 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, jihohi da yawa suka yi fiye da mako guda cikin duhu, ba sai an yi wa kowa wa'azin sola ba. Ga lissafin a sauƙaƙe. Batir mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da wat 1,200 na awa guda, amma idan irin na ruwa ne, rabi kawai ya kamata a ja in ana so ya yi ƙarko, watau 600. Talabijin mai inci 32 da ke cin wat 40, tare da dikoda mai cin 10, za su kai wajen awa goma a kan wannan batir bayan an cire abin da inbata ke ci. Mai inci 55 da ke cin wat 120 kuwa, da ƙyar zai wuce awa huɗu, kuma ba a yi maganar fanka ba, a garin da zafin bazara ke haura digiri 40. Akwai ma talabijin da ke aiki da bolt 12 kai tsaye daga batir ba tare da inbata ba, wanda ya dace da ƙauyukan da turakun wuta ba su kai ba.

Saura batun inda za a saya. Azare tana kan babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri, kuma galibin kayan lantarkin da ke kantunanta daga Kano ake saro su, musamman kasuwar Sabon Gari, Kano kuma takan ɗauko daga Legas. Wannan ya sa wasu ke ganin gara su je Kano da kansu su rage 'yan kuɗi. Amma sai a haɗa da kuɗin mota zuwa da dawowa, a kuma tuna cewa gilashin talabijin na bango bai kai kaurin faranti ba. In aka kwantar da shi a but aka ɗora masa buhu, kafin a wuce Wudil ya tsage, kuma kuɗin sauya gilashi yakan kusa kuɗin sabo, garanti kuwa ba ya biyan fashewa. A tsaye ake ɗaukarsa, cikin kwalinsa da sosonsa. Mai kantin Azare ko ya fi tsada kaɗan, gobe ma yana nan inda aka bar shi.

Jabu kuwa ya yi yawa, musamman da sunan LG da Samsung, inda ake manna tambarin babban kamfani a kan akwatin da ba a san asalinsa ba. Araha fiye da kima ita ce alama ta farko. Ta biyu, lambar da ke jikin kwali ta saɓa da wadda ke bayan akwati, ko da wadda talabijin ɗin ke nunawa a cikin saitinsa. Ga mai ƙaramin ƙarfi, na gaskiya daga kamfani matsakaici irin su Hisense ko TCL, mai takardar garanti, ya fi jabu mai babban suna. Na hannu da ake kira ɗan Beljiyam yakan yi kyau, amma fitilunsa sun riga sun ci wani abu daga kwanakinsu, kuma wanda aka yi domin kasuwar Amurka ko Japan yana iya zama mai ƙaramin bolt, a jona shi a nan ya ƙone nan take.

Ko sabo ko na hannu, a kunna shi a gaban mai saye kafin a ƙirga kuɗi. A sa masa farin hoto fes, sannan baƙi ƙirin, domin a nan ne mataccen ɗigo da tabon haske da layi ke bayyana. A gwada kowane rami, a ɗaga murya har ƙarshe a ji ko lasifika tana karkarwa, a bar shi ya yi minti ashirin a kunne. Dokar kare haƙƙin masu saye ta 2018, wadda ta kafa Hukumar FCCPC, ta ba mai saye ikon mayar da kayan da aka same su da aibi, ko da an rubuta a bangon kanti cewa ba a mayar da kaya. Sai dai hujjarsa ita ce rasit, don haka ya tabbata an rubuta masa kwanan wata da sunan kamfani da lambar akwatin a jiki, an kuma buga hatimi a takardar garanti.