Katin hoto na kwamfuta: a san ciwo kafin a sayi magani

A garuruwanmu, daga Yamai zuwa Tawa, daga Maraɗi zuwa Damagaram, kwamfuta ta zama abin neman abinci kamar keken ɗinki ko injin niƙa. Akwai samarin da suka buɗe ɗakin wasa, yara na biyan kuɗi su buga ƙwallo ko su yi tseren mota bisa allo. Akwai masu haɗa hotunan biki da suna, akwai masu zanen taswirar gida. Dukansu da irin kwamfuta guda suke aiki, wato wadda aka ƙera don wasa, domin ita ce mai ƙarfin fitar da hoto. Da yawa daga cikin waɗannan injuna an sawo su ne bayan sun yi aiki a wata ƙasa, kuma yanzu tsufa ya kama su.

Ran da allo ya yi baƙi ƙirin, ko hoto ya wargaje, maganar farko da mai kwamfuta kan ji ita ce kati ya ƙone. Alhali sau da yawa wannan kati shi ne abu mafi tsada cikin injin duka. Mutum ya ci bashi ya sayi wani, ya ɗaura, allo kuma ya ci gaba da zama baƙi. Don haka muka ga ya dace mu bayyana wa masu karatu yadda ake bincike daki-daki, tun daga abin da ba ya cin ko dala guda.

Mene ne katin hoto?

Katin hoto, wanda masu gyara ke kira kart girafik, faranti ne da ake sokawa cikin wani dogon rami bisa babban farantin kwamfuta. Yana da ƙwaƙwalwa tasa ta kansa, da rumbun ajiyarsa, da fanka mai sanyaya shi. Aikinsa shi ne lissafa kowane ɗigo da ido ke gani bisa allo, sau sittin ko fiye cikin daƙiƙa guda. Kamfanoni biyu na Amurka suka fi suna a wannan sana'a: Nvidia, wanda aka kafa a 1993, da AMD, wanda ya sayi kamfanin ATI na Kanada a 2006.

Mu ɗauki misalin kati guda da ya bazu ƙwarai cikin duniya, wato GeForce GTX 1060, wanda ya fito a watan Yuli na 2016. Yana shan wuta wat 120. Ramin da ake soka shi ba ya iya ba da fiye da wat 75, shi ya sa ake jawo masa wata waya mai baki 6 daga akwatin wuta, wadda ke iya ƙara masa har wat 75. Masu ƙera shi sun ce akwatin wutar kwamfutar ya kai wat 400. A riƙe waɗannan lambobi, domin za su yi amfani a gaba.

Alamomin ciwo

Alamomin kashi huɗu ne. Na farko, kwamfuta ta tashi, fankoki na juyawa, amma allo bai nuna kome ba. Na biyu, hoto ya fito da zane-zane, ko ɗigo-ɗigo masu launi, ko ƴan murabba'ai kamar darar ƙasa. Na uku, kome lafiya lau sai an fara wasa, bayan ƴan mintoci hoto ya daskare ko allo ya ɗauke. Na huɗu, kwamfutar ta mutu gaba ɗaya tsakiyar wasa, ta sake tashi da kanta.

Alama ta biyu ce ta fi nuna katin da yatsa. Ta uku takan zo daga zafi ko daga manhaja. Ta huɗu kuwa sau da yawa laifin akwatin wuta ne. Ta farko tana iya fitowa daga ko'ina, ita ce ta fi ruɗa mutane.

Bincike daki-daki

Mataki na farko, a duba allo da wayarsa. A gwada wata waya, a gwada wani allo ko talabijin. A tabbata an soka wayar a bakin katin hoto, wanda ke can ƙasa a bayan akwati, domin akwai wani baki mai kama da shi a sama, na babban faranti. Haka kuma, katin GTX 1060 da ƴan zamaninsa ba su fitar da hoto irin na tsohuwar waya mai shuɗin kai da ake kira VGA, wadda har yau take cike da birorinmu. Sai da na'ura ta musamman mai juya hoton, kuma ita ma takan lalace.

Mataki na biyu, a cire kwamfuta daga wuta, a danna maɓallin kunnawa na ƴan daƙiƙoƙi don sauran wutar ta fita. Kafin a taɓa kome, a dafa ƙarfen akwati da hannu. Lokacin hunturu, sa'ad da iska ta bushe, jikin mutum na tara wata ƴar wuta, wadda kan yi tsartsatsi in an taɓa ƙofar mota, kuma ta isa ta kashe kati. Sai a kwance kusa, a danna ɗan makullin da ke ƙarshen ramin, a zare katin a hankali. A goge haƙoransa masu ruwan zinariya da tsumma mai tsabta da alkol na 90 da ake saidawa a farmasi, a bari ya bushe, a mayar da shi ya zauna daram. A duba wayar nan mai baki 6: in ta yi baƙi ko ta narke, an samu bakin zaren.

Mataki na uku, in ciwon na nan, a sake cire katin, a soka wayar allo a bakin babban faranti, a kunna. Yawancin ƙwaƙwalen kamfanin Intel na iya fitar da hoto da kansu, ban da masu harafin F a ƙarshen lambarsu. Cikin na AMD wasu na iyawa, wasu ba su iyawa. In hoto ya fito, to sauran kwamfutar na da rai, zargi ya tsaya kan kati, ko raminsa, ko akwatin wuta. In ƙwaƙwalwar mai fitar da hoto ce amma allo ya zauna baƙi, to a ƙyale kati tukuna, a koma kan sandunan ajiya da ake kira RAM, a gwada su ɗaya bayan ɗaya.

Mataki na huɗu, akwatin wuta. Shi ne ke karɓar kuran na bolt 220 ya mai da shi bolt 12 da katin ke sha. A ƙa'ida bai kamata ya sauka ƙasa da 11,4 ba ko ya haura 12,6. Mai gyara na iya auna shi da ma'aunin wuta, kuma ya auna sa'ad da wasa ke gudana, domin tsohon akwati kan nuna lafiya in babu nauyi, ya durƙushe in an ɗora masa kaya. Gargaɗi: kada wanda bai koyi aikin ba ya buɗe wannan akwati. Yana riƙe wuta mai kisa ko bayan an cire shi daga bango.

Mataki na biyar, manhaja. Tsakanin Windows da katin akwai wani tafinta da ake kira pilot, kuma in ya rikice yakan kawo alamomi irin na katin da ya lalace. Ga yadda ake rarrabewa. In zane-zanen sun bayyana tun a hoton farko, mai ɗauke da sunan kamfani, kafin Windows ya tashi, to ciwon a jikin kayan yake, domin a lokacin tafintan bai fara aiki ba. In sai bayan Windows ya tashi suke fitowa, a goge tsohon pilot ƙaƙaf da manhajar DDU, a sa sabo daga kamfanin da ya ƙera katin. In bayan haka Windows ya ci gaba da nuna lamba 43 a jerin kayan kwamfuta, zargin kati ya yi ƙarfi.

Mataki na shida shi ne alƙali. A kai katin cikin wata kwamfuta mai lafiya, a kuma ari kati mai lafiya a sa cikin wadda ake zargi. In ciwon ya bi katin, shari'a ta ƙare. In ya zauna cikin kwamfutar, katin ya kuɓuta. Duk mai gyaran da ya yanke hukunci bai yi wannan gwaji ba, zato ya yi.

Zafi da ƙura

A ƙasarmu manyan abokan gabar kati su ne zafi da ƙura. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, kuma da wannan iskar ce fanka ke fifita katin. Ƙurar hunturu kan toshe haƙarƙarin ƙarfen da ke zuƙe zafi. Ban da haka, man da ake shafawa tsakanin ƙwaƙwalwar katin da ƙarfen yakan bushe bayan shekaru, ya zama kamar alli.

Manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, tana nuna zafin katin. GTX 1060 yakan fara rage gudunsa da kansa wajen digiri 83, iyakar da aka yanka masa kuwa 94 ce. In yana haura 90 cikin wasa, a hure ƙura, a riƙe fanka da yatsa lokacin hurawa, a sa mai gyara ya sake man. A sani kuma kati da yawa na wannan zamani ba su juya fanka sai sun ɗauki zafi. Fanka a tsaye lokacin hutu ba shaidar mutuwa ba ce.

Maganin da ba magani ba

Akwai masu gasa kati da na'urar hura zafi, har da masu sa shi cikin tanda. Asalin wannan dabara shi ne, ƙwaƙwalwar katin tana zaune bisa ɗaruruwan ƙananan ɗigon dalma, kuma yawan zafi da sanyi kan tsattsaga su. Ba tatsuniya ba ce: a 2008 kamfanin Nvidia ya ware kusan dalar Amurka miliyan 200 saboda irin wannan lahani a wasu ƙwaƙwalen kwamfutocin hannu. Gashi kan sa tsagar ta haɗe, hoto ya dawo na makonni ko watanni, sa'an nan ciwon ya komo. Abin takaici, wasu na gasa matacce su sayar da shi a matsayin mai lafiya.

Gyara ko saye?

Fanka, da man sanyaya, da wayar wuta, duk ana sake su da kuɗi kaɗan. Amma in ƙwaƙwalwar katin ko rumbun ajiyarsa suka lalace, kuɗin gyara kan kusa kuɗin wani katin. A sa wannan ma cikin lissafi: a ƙarshen 2025 Nvidia ya daina fitar da sababbin pilot na wasanni ga zuriyar GTX 900 da GTX 10, sai gyaran tsaro kaɗai.

Mai sayen kati na hannu ya yi hattara. Bayan watan Satumba na 2022, sa'ad da aka daina haƙar kuɗin intanet na Ethereum da katin hoto, kati masu yawa da suka yi aiki dare da rana sun kwararo kasuwannin duniya. Kada a biya sai an ga katin ya yi rabin awa yana wasa mai nauyi, ana kallon zafinsa da hotonsa. Araha ba ta ado.

Muna kira ga masu ɗakin wasa da shugabannin ma'aikatu: a ɗaga kwamfuta daga ƙasa, a hure ta kafin bazara da bayan hunturu, a sa mata na'urar daidaita wuta, a cire ta daga bango in hadari ya taso. Kada kuma a rubuta wani inji cikin jerin matattun kaya sai an bi waɗannan matakai shida, an rubuta abin da kowane ya nuna. Dukiyar da aka tsare ta wannan hanya, ta iyali ce ko ta ƙasa, ta fi wadda za a fita nema gobe. Rigakafi ya fi magani.