Asibiti A Sararin Sama: Aikin Kowa A Jirgin Majiyyata

Ran nan ina cikin koyar da kiwon lafiya sai jirgi ya gifta ta kan Dala. Wata yarinya ta ce, "Malama, wai akwai jirgin da ba ya ɗaukar kowa sai marar lafiya?" Na ce akwai. Da yake jinya a gidajenmu a wuyan mata take, na ga ya kamata mu san yadda abin yake.

Jirgin sama ba baƙo ba ne a Kano, gama tun 1925 jiragen sojan Ingila uku suka sauka nan daga Masar. Amma aikin kai likita ta sama, a Ostareliya ya kafu cikin 1928, Gabashin Afirka ta bi a 1957. A Nijeriya kuwa wata mace, Likita Ola Orekunrin, ta kafa ƙungiyar Flying Doctors Nigeria, bayan ƙanwarta mai ciwon sikila ta rasu tana da shekara 12, an nemi jirgin da zai ɗauke ta ba a samu ba.

To, su wa ke cikin jirgin? Na fari matuƙi. Shi ke duban mai, da nauyin kaya da na mutane, da halin sararin sama. In hazon hunturu ya rufe gari, ya ce ba za a tashi ba, magana ta ƙare, ko ɗan sarki ne a kwance. A wurare da yawa ma ba a gaya masa ko wane ne majiyyacin sai ya yanke shawara, don kada tausayi ya sa ya halaka mutum biyar garin ceton ɗaya.

Na biyu likita. Babban aikinsa tun a ƙasa yake, watau ya tsai da jini, ya sa ruwa, ya tabbata numfashi ya daidaita kafin a ɗaga. Dalili kuwa, can sama iskar shaƙa tana raguwa, wadda ke cikin jikin mutum kuma tana kumbura. Wannan hatsari ne ga mai sikila, da mai ciwon ƙirji, da wadda aka yi wa aiki kwanan nan.

Na uku nas. Ita ke ƙirga magunguna da tukwanen iskar shaƙa, ta ɗaure majiyyaci a gado, ta rubuta kome. Ƙarar inji ba ta barin a saurari ƙirji sosai, saboda haka idonta na kan na'ura da fuskar majiyyaci har a sauka. Idan an yi rakiyar jariri bakwaini, a cikin kwalabarsa ta ɗumi ake tafiya da shi.

Yanzu ga namu aikin. Jirgi ba ya sauka a lungun Yakasai ko Ƙofar Mazugal. Daga ɗaki sai mota, daga mota sai asibiti, kamar na Murtala ko na Malam Aminu Kano. Likita ne zai ce a nemi jirgi, kuɗinsa kuwa ba kaɗan ba ne. Wadda aka bari tana naƙuda kwana biyu a gida, ana jiƙe-jiƙe, an cinye lokacin da jirgi ba zai mayar ba. In maigida ba ya nan, a nemi izini tun da wuri, kada a jira dare ya raba.

In ke aka zaɓa rakiya, ki sani wuri kaɗan ne, bar ƙullin kaya, riƙe katin asibiti. Abin da ma'aikata suka tambaye ki, faɗi gaskiya: watan ciki nawa, yaushe jini ya fara, wane sassaƙe aka ba ta. Kunya ado ce a zaure, amma gaban likita cuta ce. Mai ɓoye ciwo, ciwo kan ɓoye shi.

Yarinyar nan ta ce in ta girma nas ɗin jirgi za ta zama. Na ce ta riƙe lissafi da kimiyya. Ku kuma iyaye ku bar su su ƙare karatu. Allah ya ba mu lafiya, amin.