Bayani a kan zafin bazara da duban ranar saukar ruwa

Zuwa ga 'yan'uwa 'yan kasuwar hatsi na Kafin Hausa da Bulangu da Sarawa, da masu cin Shuwarin ran Litinin da Maigatari ran Alhamis. Maganar da ta cika rumfuna duk lokacin da zafi ya daɗe ita ce: yaushe zai karye, kuma wane irin ruwa ke bayansa? Tambayar ba ta banza ba ce, domin a kanta mai gero ke yanke shawarar ya buɗe sito ko ya ƙara jira.

To mu fara da abin da ke kawo zafin. Iska biyu ke ja-in-ja a kan ƙasarmu. Ɗaya busasshiya, daga hamada ta gabas maso arewa, ita ce mai kawo hunturu da hazo. Ɗayar mai laima ce, daga teku ta wajen Ikko. Inda suka haɗu akwai iyaka, kuma iyakar nan tana hawowa arewa sannu sannu tun daga Fabrairu. Kafin ta iso mu, sama wayam take ba girgije, ƙasa ta bushe ƙamas ba danshin da zai sha zafin, ga rana kuma tana zuwa daidai tsakar kanmu wajen ƙarshen Afrilu, har mutum ya tsaya da tsakar rana ya ga inuwarsa ta shige ƙarƙashin ƙafarsa. Shi ke nan sai zafi ya zauna, yau 41 gobe 43 a ma'auni, mako biyu ko uku ba sassauci.

A irin wannan hali faɗin yadda gobe za ta kasance ba wuya, yaro ma ya san gobe kamar yau ce. Wuyar tana wajen sanin ranar karyewa.

Akwai alamar da muka fi yarda da ita, watau canjin irin zafin kansa. Zafin Maris busasshe ne, leɓe na tsagewa, ruwan randa na yin sanyi, da asuba a ɗan samu sauƙi. In kuwa dare ya daina hucewa, gumi ya ƙi bushewa a jiki, randa ta rage sanyi, gishiri ya fara daƙewa a buhu, iska kuma ta juyo daga kudu maso yamma, to laimar teku ta iso. Wannan zafin ya fi wahalar da mutum ko da ma'auni ya ɗan sauka, kuma shi ne mai jawo hadari. Abin lura, laimar daga kudu take zuwa, amma hadarin da ke zubar da ita yawanci daga gabas yake tasowa ya nufi yamma da guguwa a gabansa. Shi ya sa in aka ji an yi ruwa mai ƙarfi a Gashuwa ko Nguru da la'asar, mu nan mukan rufe buhuna kafin dare. Shamuwa ta dawo kan bishiyoyin gari, gawo ya fara zubar da ganye alhali sauran itatuwa na toho, duk waɗannan na nuna damina ta kusanto. Amma ba wanda zai ba ka rana a cikinsu.

Haka lissafin taurari da muka koya wurin malamai. Taurari 28 ne, kowane kwana 13, in ban da Jabaha mai 14, ka ga kwanakin shekara sun cika 365. Surayya, wadda muke kira kaza da 'ya'yanta, takan ɓuya cikin Mayu, sa'an nan ta bayyana da asuba a gabas cikin Yuni. Lissafi ne mai kyau, ya fi bin watan Musulunci wajen noma, domin shi watan yana ja baya kwana 11 kowace shekara, tauraro kuwa yana nan a lokacinsa. Sai dai tauraro lokaci yake nunawa. Surayya ta fito a ranarta a 1984 kamar kowace shekara, ruwa kuwa ya ƙi.

Sai masu ma'auni, watau hukumar NiMet da aka kafa a 2003. Su suna auna zafi da laima da iska a tashoshinsu, su haɗa da hoton girgije da tauraron ɗan'adam ke aikowa, na'ura ta lissafa. Abin da suka faɗa na kwana uku yakan yi daidai ƙwarai a kan zafi, a kan ruwa kuwa da ɗan dama, don hadarin farko yakan jiƙe gari ɗaya ya bar na kusa da shi. In magana ta wuce kwana goma, to ta zama ta rinjaye, watau ya fi yiwuwa kaza. Hasashen damina da suke fitarwa farkon shekara ma haka yake, a ɗauke shi a matsayin rinjaye. Wanda ya ɗauke shi alkawari shi ya cuci kansa.

Yanzu ga inda kuɗi ke salwanta. Mutane na cewa zafi mai yawa, ruwa mai yawa. Masu faɗin haka suna da 2024 a hannu: ƙarshen Maris da farkon Afrilu, cikin azumi, an sha zafin da ya kai 48.5 a garin Kayes na Mali ranar 3 ga Afrilu, aka rasa rayuka, sai kuma Agusta ta zo da ambaliya a Jigawa, Satumba madatsar Alau ta ɓalle kusa da Maiduguri. Gaskiya ne. Amma bazara ba ta taɓa zuwa da sanyi ba, a 1973 da 1984 ma an sha rana, kuma fari ya biyo. Yawan ruwan damina ya fi rataya ga ɗumin tekuna masu nisa, kamar abin da ake kira El Nino a tekun Fasifik, fiye da zafin da muka ji a rumfa. Kuma ruwa mai yawa ba shi ne hatsi mai yawa ba, masu gona a bakin kogin Kafin Hausa sun san abin da 2022 ta yi musu.

Na biyu, ruwan farko ba shi ne damina ba. Masana noma sukan ce damina ta kama in an samu ruwa kamar milimita 20 cikin kwana uku, kuma ba a yi fiye da mako guda ba ruwa cikin watan da ya biyo. A ƙasarmu wannan yawanci cikin Yuni ne, wani lokaci har ya taɓa Yuli. Ruwan da ya sauka tsakiyar Mayu bayan dogon zafi yakan ruɗi kasuwa. Manoma su ruga shuka, masu binne irinsu ya tsiro, masu ajiya su tsorata su fito da gero, farashi ya ɗan sauka. Kwana goma sha biyar rana ta dawo, tsiro ya ƙone, a koma neman iri, tiya ta tashi fiye da da. Wanda ya zubar da kayansa duka ran ruwan farko sai ya saya da tsada. Wanda kuma ya ƙulle sito yana jiran fari, ban da alhakin talakawa da ya ɗauka, in damina ta zauna sai sabon gero ya tarar da shi a Satumba.

Mu dai abin da muke yi, mukan kasa kaya uku. Kashi ɗaya ya fita tun cikin zafi, ɗaya bayan an ga shuka ta yi mako uku a tsaye, na ƙarshe in gero ya fara fitar da kai. Da zarar an ji gumin nan na dare kuma, a ɗaga buhuna kan katako, a duba rufin sito, wake a sa shi a buhu mai leda biyu a ciki a ɗaure tam, domin laima da zafi in sun haɗu ƙwaro da fumfuna ba sa jira. Masu dako kuma a bar su su yi lodi da sassafe ko bayan la'asar, a ajiye musu ruwa kusa. Allahu a'alamu, wassalam.