Karen Gaba

In ka ga kare yana shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Buck, karen da yake jarumin littafin Jack London mai suna The Call of the Wild, wanda ya fito a 1903, bai daɗe da fara jan keken ƙanƙara ba ya sa ido a kan gurbin Spitz, farin karen da ke jan gaba. Buck kuwa baƙo ne a ƙasar sanyi. A gidan wani alƙali ya tashi a Kalifoniya, ubansa ƙaton kare irin na tsaunuka, uwarsa karyar kiwo, nauyinsa ya haura kilo 60. Wani mai aikin lambu da caca ta cinye ya sace shi ya sayar, don an gano zinariya a Klondike ta Kanada a 1896, kare mai ƙarfi ya zama kuɗi.

Buck bai tari Spitz gaba da gaba ba. Zagon ƙasa ya yi masa: duk lokacin da shugaba ya zo hukunta mai laifi, sai ya shiga tsakani, har ƙananan karnuka suka raina shi. Ranar da ta ɓaci, zomo ne sanadi. An ce karen bana shi ke maganin zomon bana, amma a daren nan tsohon hannu Spitz ne ya yanke ta gajeriyar hanya ya cafke zomon. Nan suka kaure. Spitz ya fi iya faɗa nesa ba kusa ba; duk inda Buck ya kai haƙori sai ya ci karo da haƙori, har jini ya wanke shi. Sai Buck ya yi kamar zai bangaje shi da kafaɗa, ya sunkuya ya karya masa ƙafar gaba ta hagu, ya maimaita a ta dama. Karnuka kusan 60 da suka yi musu zobe suna jira su suka ƙarasa aikin. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi.

Labari ya yi daɗi, to amma haka dabbar take? London ya nuna cewa jinin kyarkeci ne ya motsa a jikin Buck, kuma masana sun daɗe suna ganin garken kyarkeci fagen neman sarauta ne. Rudolf Schenkel ya rubuta haka a 1947, sai dai kyarketan da ya lura da su na gidan namun daji ne a Basel, baƙin juna da aka cusa a shinge ɗaya. David Mech, wanda littafinsa na 1970 ya yaɗa wannan ra'ayi, ya yi damina bayan damina yana kallon na daji a tsibirin Ellesmere, a 1999 ya fito ya warware: garke iyali ne, uba da uwa da 'ya'yansu. Ɗa in ya girma ba ya kayar da uba, barin gida yake ya kafa nasa. Kisa kam suna yi, amma yawanci a kan iyaka, tsakanin garke da garke.

Masu tseren karnuka a Alaska ma ba mafaɗaci suke sa wa a gaba ba. Kamar jagaban ayari, wanda ya san hanya kuma yake jin kira ake nema, sau da yawa ma karya ce.

Duk da haka ban ce London ya yi ƙarya ba. Karnukansa sayayyu ne da satattu, kowa da inda ya fito, ga yunwa, ga bulala, ga kulki. Irin wannan taro dole ya haifi faɗan girma, kuma irinsa ne taron mutanen da London ya shiga a 1897 da ya je neman zinariya. Ya dawo a shekarar da ta biyo baya da ciwon dasashi, aljihu ba nauyi. Mai neman halin kyarkeci ya nemi Mech. Abin da London ya sani ciki da bai shi ne halin mahaƙa zinariya.